Shin littafin gashe-gashe guda ɗaya ya ishi mai yin kek da burodi a gida?

Maman Ihsan, Kaduna:
Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana wadda na san ba kowa ne zai yarda da ita ba. A ganina, duk wadda take son ta iya kek, burodi, biskit, mitfai da donot a ɗakin girkinta, littafin gashe-gashe guda ɗaya mai kyau ya ishe ta, irin manyan nan da suke tattara komai tun daga yadda ake kwaɓi har zuwa kwalliyar kek. Dalilina shi ne, masu kyau daga cikin waɗannan littattafai sai an gwada kowane haɗi an sake gwadawa kafin a buga su, alhali yawancin abin da ake turo mana ta waya, wata ce ta yi sau ɗaya ya yi mata kyau, ta ɗauki hoto ta yaɗa, kuma idan kika duba sai ki ga ta manta da gishiri ko ba ta faɗi girman gwangwanin da ta gasa a ciki ba.

Hajiya Babba, Kano:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin ce littafin ya tattara komai, to ina tambaya, komai na su wa? Ki buɗe shi ki nemo mini alkaki, ko dubulan, ko nakiya, ko gurasar da ake mannawa a jikin tanderu. Waɗannan su ne abin da ake nema a wurinmu ranar da za a kai garar amarya, kuma babu ɗayansu a littafin da aka rubuta a Amurka ko Ingila. Ko kek ɗin da yake ciki ma, an rubuta shi ne domin macen da take da obin mai riƙe zafinsa daidai da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Mu da muka iya wannan aiki, a gaban manya muka tsuguna muka koya, har hannu ya san laushin kwaɓi kuma hanci ya san lokacin da abu ya gasu, wannan kuwa takarda ba ta koyar da shi.

Baban Sadiq, Zariya:
Ranki ya daɗe Hajiya, ki ba ni dama in shiga tsakani, domin na yi aikin gidan burodi kafin in koma kasuwa. Ni matsalar da nake gani ba ta tsaya ga rashin alkaki ba, tana wajen awo ne. Littattafan Amurka da kofi suke auna fulawa, al'adar da ta samu gindin zama tun bayan littafin da wata malamar girki, Fannie Farmer, ta buga a Boston a 1896, inda ta dage kan a riƙa shafe bakin kofi da na cokali. Kofin nasu yana cin kusan mililita 240, kuma masu rubutun sukan ɗauka cewa fulawar da ke cikinsa giram 120 zuwa 125 ce. Amma idan mace ta cusa kofin cikin buhu ta ɗebo, fulawar tana dannuwa har ta kai giram 150 ko kusa da haka. Ke nan a kek mai kofi uku za ta iya ƙara abin da ya haura rabin kofi ba tare da ta sani ba, kek ya fito da tauri, ta ɗora laifin a kan littafi. Wannan ma idan tana da kofin awon ne. Yawancin gidajenmu da gwangwanin madara ake awo, ko da kofin shan shayi, kuma babu biyu da suka zo daidai. Saboda haka, Maman Ihsan, idan littafinki da giram yake magana, ina tare da ke zuwa wani mataki. Idan da kofi kaɗai ne, ban ga abin dogaro a cikinsa ba.

Anti Rahila, Jos:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ko sikeli bai raba mu da matsala a nan ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, shi ya sa ruwa yake tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Abin da hakan yake haifarwa shi ne kek ya tashi da sauri fiye da kima tun cikinsa bai ƙanƙame ba, sannan tsakiyarsa ta rufta, kuma ya fi saurin bushewa. Haɗin da zai yi kyau a Legas sai mun rage masa bekin foda, mun ɗan rage sukari, mun ƙara ruwa ko madara kafin ya yi a nan. Wasu littattafan Amurka suna ware shafi ɗaya ko biyu a kan wannan, saboda su ma suna da garuruwan tudu irin su Denver, amma na Ingila da wuya ki ga sun ambata, tunda ƙasarsu ba ta da irin wannan tudu da mutane suke zaune a kai.

Ummi, Sakkwato:
Anti, ku sanyi da tudu ne damuwarku, mu kuwa zafi ne. Littafi zai ce a bar bota ta yi laushi daidai da zafin ɗaki, yana nufin ɗakin da bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba. A watan Afrilu ɗakin girkinmu yana haura 40, botar kuma kafin a gama fasa ƙwai ta zama mai, ta yadda duk bugun da za a yi mata da sukari ba za ta riƙe iska ba. Haka kwaɓin burodi: an rubuta a bar shi awa ɗaya da rabi ya tashi, amma a nan cikin minti 40 ya ninka, idan aka jira lokacin littafi sai ya yi tsami ya kwanta. Ga shi kuma ni a tukunya nake gashi, da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Ina zan sa digiri 180 a jikin tukunya?

Maman Ihsan, Kaduna:
Na ji duk abin da kuka kawo, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan kowanne an yi bayaninsa a shafukan farko na irin littafin da nake nufi, waɗanda mutane suke tsallakewa su tafi kai tsaye wurin hoton kek mai cakulan. A can ne ake bayyana aikin kowane abu: ƙwai yana ɗaure kwaɓi, sukari yana riƙe danshi kuma yana sa gashi ya yi ja, yis yana gudu idan akwai ɗumi ya yi nawa idan akwai sanyi. Ƙanwata Ummi, littafi mai kyau ba ya cewa awa ɗaya da rabi ya yi shiru, yana ƙarawa da cewa ko kuma har kwaɓin ya ninka girmansa, kuma wannan rabin na biyu shi ne hukuncin. Haka wajen gashi, yana cewa har tsinke ya fito ba tare da ɗanyen kwaɓi a jikinsa ba, wannan kuwa yana aiki a tukunyar yashi kamar yadda yake aiki a obin.

Bari in ba da misalin da ya sa nake kare littafin. Mata da yawa suna ɗaukar bekin soda da bekin foda abu ɗaya ne, suna musanya su yadda suka ga dama. A littafi na karanta cewa soda ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, idan kuwa babu, kek ya fito da ɗanɗanon sabulu, alhali bekin foda tana ɗauke da nata tsamin a cikinta. Da na gane haka, duk inda aka ce a zuba madarar nan mai tsami ta Turawa wadda ba a samunta a kantunanmu, sai in sa nono ko in ɗan tsinka kindirmo da ruwa, kuma yana yin aikin daidai. Hajiya, ashe ba irin wannan ba ne kuke yi da kanwa idan ƙullu ya yi tsami? Bambancin shi ne littafin ya gaya mini dalili, da dalilin kuma nake iya gyara haɗin da ban taɓa gani ba.

Hajiya Babba, Kano:
Maganar kanwa kin yi daidai, amma ki lura, 'yata, da bakinki kika rushe maganarki ta farko. Kin ce littafin ya isa, yanzu kuma kina gaya mana cewa sai da kika kawo kindirmo daga wajensa. Littafin ne ya san kindirmo? Ke kika san shi, domin a gidan da ake dama fura kika tashi. Kuma ki tuna da kuɗin da ke cikin wannan gwaji. Yarinyar da ta tara 'yan kuɗinta ta sayi fulawa, ƙwai shida, sukari da bota, ta ƙona gas, idan kek ɗin ya lalace ba za ta iya cewa gobe ta sake ba. Wadda take kusa da wata babba kuwa, tun kafin a zuba kwaɓin a gwangwani za a taɓa shi a ce mata ya yi ruwa, ƙara gari.

Baban Sadiq, Zariya:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki, tare da girmamawa. Taɓawa da hannu tana yi idan abu ɗaya ake maimaitawa shekara da shekaru da kaya iri ɗaya. Amma a gidan burodi, inda ake kwaɓa buhu mai kilo 50 a tashi ɗaya, babu mai yarda da hannu, komai ƙwarewarsa. Gishiri kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyin fulawa, ruwa wajen kashi 55 zuwa 60, komai a kan sikeli, domin burodin yau ya yi daidai da na jiya. Littafin da yake koyar da irin wannan lissafi yana ba mace abin da za ta iya ninkawa idan aka ba ta aikin biki. Mafi sauƙin misali shi ne tsohon haɗin kek na Ingila: a auna ƙwai, sannan a sa bota, sukari da fulawa kowanne daidai nauyin ƙwan. Da wannan, ko ƙwan zabi ne a hannunki, wanda bai kai na kajin gona girma ba, lissafin ba ya ɓacewa.

Sai dai akwai inda nake goyon bayanki. Fulawar buhu da ake sayarwa a kasuwar Singa ta Kano da sauran kasuwanninmu, galibinta ta burodi ce, mai ƙarfi da danƙo. Littattafan kuwa suna rarrabe fulawar kek mai furotin kashi 7 zuwa 9, da ta gama-gari mai 10 zuwa 12, da ta burodi mai 12 zuwa sama. Wadda ta yi kek da fulawar burodi kuma ta daɗe tana juyawa bayan ta zuba garin, za ta ci abu mai taurin roba. Maganinsa a cire cokalin cin abinci biyu daga kowane kofin fulawa a maye gurbinsa da garin sitacin masara, a tankaɗe su tare, sannan a juya a hankali. Littattafan Ingila kuma suna yawan kiran wata fulawa da aka riga aka haɗa da bekin foda tun daga kamfani, wanda bai sani ba sai ya zuba tamu haka nan, kek ya ƙi tashi. Marubucin bai yi ƙarya ba, bai dai san abin da ke cikin buhunmu ba.

Anti Rahila, Jos:
Haka batun bota yake. Abin da suke kira bota ta madarar shanu ce, kusan kashi 80 cikin ɗari nata kitse ne, sauran galibi ruwa. Mu kuwa duk abin da yake rawaya a roba bota muke ce masa, har da ta shafa wa burodi wadda ruwanta ya fi yawa, ita ce take sa biskit ya baje a faranti. Soyayyen man shanu kuma ba shi da ruwa ko kaɗan, shi ma ba zai zauna a gurbinta kai tsaye ba. Ni dai ba zan ce a jefar da littafi ba, Maman Ihsan, amma nawa duk gefen shafukansa rubutun biro ne, na rage wannan, na ƙara wancan, har ya zama wadda ta are shi gyarana take bi fiye da abin da aka buga.

Maman Ihsan, Kaduna:
Anti, ai kafin ki samu abin da za ki gyara sai da aka ba ki tushe tsayayye. Wadda take tsalle daga bidiyon wannan zuwa na waccan, yau kofi gobe gwangwani, idan kek ya lalace ba za ta taɓa sanin abin da ya jawo ba, domin abubuwa biyar ta canja a lokaci guda. Ina nan a kan bakana, sai dai na karɓi sharaɗin Malam cewa littafin ya kasance mai giram ne kuma mai bayyana dalili.

Ummi, Sakkwato:
To ni da nake son in fara sayar da kek kafin ƙaramar Salla, kuma kuɗin hannuna abu ɗaya kawai za su saya, wanne zan fara da shi: littafin, ko sikeli, ko ɗan ma'aunin zafin nan da ake sawa cikin obin?

Baban Sadiq, Zariya:
Sikeli, 'yata, ƙarami mai batir wanda yake nuna giram ɗaya-ɗaya. Littafi ana iya aronsa a kwafe haɗi uku ko huɗu a takarda, amma sikeli kullum za ki buƙace shi. Ma'aunin zafin kuma ki bar shi sai kin mallaki obin, domin lambar da ke jikin obin ɗin gas sau da yawa ba ita ce ainihin zafin da ke ciki ba.

Hajiya Babba, Kano:
Ni kuwa cewa zan yi ta sayi fulawa da ƙwai da kuɗin, ta nemi wadda ta fi kowa iya kek a unguwarsu, ta je ta taya ta aikin Salla ko da wanke gwangwanaye ne. Tunda a tukunya za ta gasa, tana buƙatar wadda za ta nuna mata yawan garwashin da ake ɗorawa a murfi da lokacin da ake rage na ƙasa, kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini shafin da aka rubuta wannan.