Muhawara: Hana ɗalibin da ya faɗi darasi shiga gasa a jihar Texas, adalci ne?

Mai buɗe zance: Jama'a, a Texas ta Amurka hukumar UIL, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Texas da ke Austin, ita ke shirya gasannin makarantun sakandare na gwamnati, tana kasa su rukuni shida, daga 1A zuwa 6A, gwargwadon yawan ɗalibai. Tun 1984 doka ta ce ɗalibin da ya sami ƙasa da maki 70 cikin 100 a darasi ko da ɗaya ne, a dakatar da shi daga gasa. Ni dai ina ganin wannan doka ce ta hana wasa ya haɗiye karatu.

Tsohon mai horar da 'yan wasa: Malam, ban yarda ba. Yaron da lissafi ya gagara, sau da yawa filin wasa ne kaɗai ke kawo shi makaranta, kuma idan aka raba shi da filin, an tsinke igiyar da ke riƙe da shi. Ai su ma 'yan majalisar jihar sun ga tsananin ya yi yawa, shi ya sa a 1995 suka mayar da dakatarwar mako uku maimakon shida, suka kuma bar yaro ya ci gaba da atisaye.

Malamar makaranta: Alhaji, sassautawa daban, sokewa daban. Attajiri Ross Perot, wanda ya shugabanci kwamitin ilimi da Gwamna Mark White ya kafa, kwamitin da ya kawo shawarar wannan doka, ya sha suka daga masu horarwa, shi kuma gwamnan ya faɗi zaɓen 1986, amma dokar tana nan. A jihar da garin Allen ya kashe kusan dala miliyan 60 wajen gina wa makarantar sakandare filin wasa mai cin mutum 18,000, wa zai tsaya wa aji in ba doka ba?

Tsohon mai horar da 'yan wasa: Hajiya, to ki duba wanda nauyin ya faɗa wa: malamin da ke ba da maki. Makarantar Carter ta Dallas ta ci kofin jihar a ƙwallon ƙafa irin na Amurka a 1988, aka yi ta shari'a kan makin lissafin ɗan wasa guda, daga bisani aka ƙwace kofin. Idan gari duka ya zuba wa malami ido, 68 ba ta da wuyar komawa 70.

Malamar makaranta: Wannan kam gaskiya ne, kuma na fi jin tsoronsa fiye da hujjarka ta farko. Sai dai maganinsa shi ne shugaban makaranta ya kare malaminsa daga matsin lamba.

Mai buɗe zance: Kada mu manta dokar ta shafi 'yan ƙungiyar kiɗa da 'yan gasar muhawara, domin UIL ce ke shirya nasu gasannin su ma. Alhaji, su ma a ɗage musu, ko 'yan ƙwallo kaɗai kake nema wa sauƙi?