Baba ya kasa barci tun da ya ga wani fim ɗin yaƙi, yaya za mu yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu tsohon soja ne, yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da aka tura Laberiya a 1990, kuma ko da wasa bai taɓa ba mu labarin can ba. Daren Juma'a ƙanina ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka tura masa finafinai, ya jona waya da talabijin ɗin falo ya sa Saving Private Ryan. Baba na kishingiɗe yana jan carbi. Ko minti 10 ba a yi ba gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na karkarwa, ya shige ɗaki ya sa sakata. Yau kwana biyar ke nan, Umma ta ce zabura yake cikin dare. Jiya salansar wani babur ta buga a bakin layi, sai da ya durƙusa. Ƙanin nawa cewa yake ai fim ne kawai, tunda da Baba ake kallon Rambo har yana dariya. To me ya bambanta wannan? Kuma mu yi masa maganar ne ko mu ƙyale shi?

Wani mai ɗaukar hoto, Zoo Road: Wa'alaikumus salam. Yaya, bambancin kamar sama da ƙasa ne. A Rambo mutum ɗaya ke kashe bataliya, kowa ya san almara ce. Shi wannan Spielberg ya fitar da shi a 1998, farkonsa sama da minti 20 ne na saukar sojojin Amurka a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Kyamara aka saɓa a kafaɗa tana girgiza, aka dusashe launi, aka ɗauko mutanen da dama ba su da hannu ko ƙafa suka fito a matsayin waɗanda bam ya yanke. Amma mu 'yan sana'a mun san sauti ne ya fi duka: shewar harsashi kusa da kunne, da yadda komai ke ɗaukewa ɗif bayan fashewa. Da fim ɗin ya fito sai da hukumar kula da tsoffin sojoji ta Amurka ta buɗe layin waya saboda mazan jiyan da ya tayar wa hankali. Ba Baba ne farau ba.

Wata uwa, Kurna: Subhanallah. A dage da azkar, a riƙa kunna masa karatu a hankali da daddare. Shi kuma yaron a ja masa kunne, falo ba silima ba ce.

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi: A yi addu'a, a kuma haɗa da asibiti. Firgicin yaƙi yakan kwanta shekara da shekaru, ƙara ɗaya ta tashe shi. In abin ya ci gaba ku kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai likitocin ƙwaƙwalwa. Kada dai wani ya ambaci asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a gabansa, zai ɗauka mahaukaci kuka mayar da shi, ya ƙi zuwa. Ku fara da cewa hawan jini za a auna, wanda dama ya kamata a auna ɗin.

Tsohon saje, Kwanar Jaba: 'Yata, kada ku tsare shi da tambaya. Abin da muka gani ba a faɗa wa 'ya'ya. Ku nemo wanda suka yi aiki tare, ya zo kamar ziyara, ku ba su shayi ku ba su wuri. Ni ban ƙi finafinan nan ba, gara su da masu nuna wa yara yaƙi kamar wasan ƙwallo. Amma ni ɗin ma ba na kallo.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Baba Saje, akwai abokinsa a Rijiyar Lemo, Umma ta kira shi, gobe bayan la'asar zai zo. Ƙanina ya goge fim ɗin, yana ta kai-kawo a ƙofar ɗakin Baba, ya rasa ta inda zai fara ba shi haƙuri.