Wanda Ya Iya Linux Yana Buƙatar Ƙunshin .deb Kuwa?

Mai shago, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya ina nan a kanta. Wanda ya iya Linux ba ya buƙatar wani ƙunshin .deb, wato manhajar da anka ɗaure cikin fayil guda don dasawa a Debian ko Ubuntu. Ka sauko da tushen manhaja, wato rubutun da ake haɗa ta daga gare shi, ka buga ./configure, ka buga make, ka rufe da sudo make install, shi ke nan. Wanga haɗa ƙunshi aikin masu lokaci ne.

Malamin lab, Kaura Namoda: Wa alaikumus salam. Alhaji, a kwamfutarka guda ta shago ba na ja da kai. Amma bayan wata shida in kana son cire manhajar, yaya za ka yi?

Mai shago: make uninstall mana.

Malamin lab: In mai manhajar ya tanade shi cikin Makefile ke nan, wato fayil ɗin da make ke bin umarninsa, kuma ba kowa ke tanadarsa ba. Sannan sai in ba ka goge jakar da ka yi haɗin a cikinta ba. Aikin make install kwafe fayiloli ne kawai, ya watsa su cikin /usr/local, wasu a bin, wasu a lib, wasu a share, kuma dpkg, mai dasa ƙunshi da riƙe lissafinsa, bai san da zamansu ba. Shi ko ƙunshi, duk fayil ɗin da ya shigo da shi a rubuce yake a /var/lib/dpkg/info. Ka buga dpkg -L da sunan manhajar, ya jero maka su kaf. Bambancin mai ba da bashi da littafi ne da mai dogara ga ƙwaƙwalwarsa.

Na ga illar abin a kwamfutar wani abokin aiki. Ya sabunta ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, ta apt, wato umarnin da ke sauko da ƙunshi ya dasa, amma kullum tsohon ke tashi. Da muka buga which ffmpeg sai ga /usr/local/bin/ffmpeg, wanda aka dasa da hannu tun tuni. A Ubuntu /usr/local/bin na gaban /usr/bin a jerin wuraren da ake neman umarni, don haka tsohon ya tare sabon.

Ɗaliba, Talata Mafara: Malam, a gafarce ni, ni ina bayan Alhaji ta wani ɓangaren. In ka haɗa da kanka ai ka ga abin da ke ciki. Ƙunshin da wani ya ɗaure, ina ka san abin da ya cusa?

Injiniya, Gusau: Ƙanwata, sauko da tushe daban, karanta shi daban. Wa ke karanta configure mai layi dubbai kafin ya buga shi? Ki tuna xz, manhajar matse fayiloli. A watan Maris na 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono ƙofar baya, wato tarkon da aka ɓoye don kutse, a xz 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ke kunna tarkon yana cikin fayilolin haɗi na damin tushen da ake rabawa, wanda kowa ke saukowa da shi.

Mai shago: Injiniya, faɗi sauran mana. Tarkon nan sai ya ga ana haɗa .deb ko .rpm sannan yake shiga. Wato ku masu ƙunshi anka nufa.

Injiniya: Haka ne, Alhaji, masu ƙunshi aka nufa, don ta nan ake isa ga kwamfutoci masu yawa. Amma duba inda ya tsaya: galibi rassan gwaji, irin na Debian da Fedora. Bai kai ga tsayayyen Debian ko Ubuntu LTS, wato mai dogon tallafi, ba, saboda sabon abu sai ya kwana a gwaji kafin ya iso gare mu. Kuma da aka gano, sabuntawa guda ta apt ta maida mutane kan tsohon mai lafiya. Wanda ka dasa da hannu, wa zai sabunta maka shi ranar da aka gano ɓaraka a cikinsa?

Mai shago: Wannan jinkirin shi ne matsalata. Ubuntu LTS sai bayan shekara biyu, 22.04 sannan 24.04. Kwastoma ya kawo sabuwar firinta, direbanta na cikin sabon tushe, in ce mai ya jira?

Malamin lab: Ba wanda ya ce ya jira. Ka haɗa, amma ka ɗaure shi. Ka buɗe deb-src, wato ma'ajiyar tushen ƙunshi, apt-get source ya kawo maka tsohon tushen da jakarsa ta debian, apt-get build-dep ya kawo kayan haɗi. A jakar nan control ke faɗin suna da abin da manhajar ke dogara da shi, rules ke faɗin yadda za a haɗa, changelog ke riƙe lambar fitowa. Ka ɗora jakar kan sabon tushen, ka gyara lambar, ka duba ko facin da ke ciki, wato gyare-gyaren da aka yi wa tsohon tushen, na hawa sabon, sai dpkg-buildpackage -us -uc. In ana sauri akwai checkinstall, mai ɗaure abin da make install ke dasawa ya zama ƙunshi.

Injiniya: A nan na rabu da kai, Malam. checkinstall ba ya gano abin dogaro da kansa, sai ka rubuta masa. Na kwamfutar mutum ɗaya ne, kada a raba wa lab.

Malamin lab: Don ta shagon Alhaji na kawo shi. Ni abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan shi ne Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara. Lab ɗin da ke da ƙunshi a filash ya ci gaba da dasa manhaja a kowace kwamfuta da dpkg -i. Mai make install sai ya sa build-essential da sauran kayan haɗi a kowace ɗaya, ga babu intanet.

Ɗaliba: To Malam, in na haɗa .deb a laftof ɗina mai 24.04, zai hau kwamfutocin makarantarmu masu 22.04?

Malamin lab: Kada ki dogara da hakan. glibc ɗin 24.04, wato ginshiƙin da yawancin manhajoji ke dogara da shi, ya fi sabo, abin da aka haɗa a kansa kan ƙi tashi a tsoho. Ki haɗa a kan 22.04 ɗin, ko da cikin VirtualBox ne, mai buɗa wata kwamfutar a cikin taki.

Mai shago: Ni dai ta shago tana nan a kan make install. Amma Malam, turo min control ɗin da kake amfani da shi, akwai makarantar da ta ba ni aikin lab ɗinta.