Chadi ta sayar da Darfur ne, ko tsaka mai wuya ta shiga?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na faɗa jiya bayan isha'i ban janye ta ba, yau ma na zo da ita a rubuce don kar a ce cikin fushi na faɗa. Chadi ta sayar da mutanen Darfur. Tun da aka fara yaƙin nan na Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan ƙasar ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hamidti, gwamnatin Njamena take ta cewa ita ba ruwanta da kowane ɓangare, to amma jiragen kayan da suka yi ta sauka a garin Amjaras na Chadi fa, me suke kawowa? Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da kansu a rahoton da ya fito farkon 2024 sun ce zargin da ake yi na cewa makamai daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna bi ta nan su faɗa hannun RSF zargi ne mai tushe. Kuma rahoton nan dai shi ne ya ce mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a Junaina ta Darfur kaɗai, garin da yake kusan kilomita 30 daga iyakar Chadi. Gidan maƙwabcinka na ci da wuta kai kuma ka buɗe ƙofar bayanka ana wucewa da fetur, wannan sunansa cin amana.

Direban Kamiyo: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni daga Damagaram nake amma rabin rayuwata a hanyar Njamena zuwa Abeche na yi ta, kuma na je Adre bayan an fara yaƙin, da idona na gani ba labari aka ba ni ba. Garin nan da can ƙaramin gari ne na bakin iyaka, duwan da jandarma da kasuwa shi ke nan, amma lokacin da na je ko ina ka duba bukkoki ne na kara da tsumma da leda har iyakar ganinka. Akwai wata tsohuwa da na tarar bakin famfo, ta ɗora jikokinta uku a kan amalanken jaki tare da tabarma da tukunya ɗaya, ƙafarta duk ta tsattsage saboda ita a ƙasa ta tako ta bar wa yaran amalanken, na ba ta ruwan jarkata ta shayar da su tukuna sannan ta kurɓa. Wa ya karɓe su? Chadi. Sama da mutum dubu 800 suka shigo tun 2023, ban da sama da dubu 400 da suke zaune a sansanoni tun rikicin Darfur na 2003. Ƙasar da ita kanta talakanta bai ƙoshi ba. Ka ce min wannan ƙasar ce ta sayar da su?

Ɗan Fagge: Allah ya saka maka Alhaji da ruwan da ka bayar. Amma talakan Adre da ya raba geronsa da baƙo daban, fadar shugaban ƙasa daban. Ni gwamnati nake zargi.

Tsohon Ɗalibin Khartum: Ina tare da Ɗan Fagge a rabi. Daular Larabawa ta ce asibiti ta gina a Amjaras don 'yan gudun hijira kuma ta musanta batun makamai, Chadi ma ta musanta, wannan a faɗe shi don adalci. Amma duk wanda ya buɗe taswira zai ga Amjaras tana can arewa maso gabas cikin hamada, nesa ƙwarai da Adre inda mafi yawan masu gudun suka taru, kuma garin gidan Deby ne, nan aka binne tsohon shugaban Chadi Idris Deby a 2021. Sai ka tambayi kanka me ya sa can. Sannan ga maganar kuɗi, a Oktoban 2024 Abu Dabi ta ba Chadi bashin dala miliyan 500. Babu mai ba ka irin wannan kuɗin don kyan fuskarka.

Baba Malam: Yarana ku bari in sa baki, don ni na girme ku kuma ina sauraron rediyo lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Kuna magana kamar a 2023 Chadi da Sudan suka fara sanin juna. A Fabrairun 2008 'yan tawayen Chadi da suka taso daga Darfur da goyon bayan gwamnatin Umar Albashir sun keta ƙasar nan tun daga gabas har cikin Njamena, suka kewaye fadar Idris Deby, mutane suka yi ta tsallaka gada zuwa Kusiri ta Kamaru. Kafin nan ma an yi irinta a Afrilun 2006. Wata uku bayan na 2008, cikin Mayu, 'yan tawayen JEM na Darfur da ake cewa Chadi ce ke bayansu suka kai hari har Omdurman da ke daf da Khartum. Kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa wuƙa a wuya, sai a 2010 suka sasanta suka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka. Shi Idris Deby kansa daga Darfur ya taso a 1990 ya kifar da Hissene Habre. To wanda ya gaji wannan kujera ya san abu ɗaya, duk wanda ke riƙe da Darfur yana iya aiko masa da motoci masu bindiga a kai har ƙofar gida. Yanzu wa ke riƙe da Darfur? RSF. Junaina, Nyala, Zalinge, Ed Da'en, sannan Alfashir ma ta faɗa hannunsu a Oktoban 2025. Sojan Burhan suna can nesa. In kai ne Mahamat Deby, ɗan Idris da ya gaji kujerar, da wa za ka ƙi yin faɗa?

Ɗan Fagge: Baba da girmanka, amma ai wannan hujjar tsoro ce. Don kana tsoron ɗan fashi sai ka zama mai ajiye masa kaya?

Baba Malam: Ban ce daidai ya yi ba ɗana. Cewa na yi ka fahimci ramin da yake ciki kafin ka yanke hukunci. Kuma ramin ya fi yadda na faɗa zurfi, don ɗaya gefen ma wuta ce. Gidan Deby Zagawa ne, manyan hafsoshin sojan Chadi da yawa Zagawa ne, kuma Zagawan Darfur, mutanen jagororin 'yan tawaye Minni Minnawi da Jibril Ibrahim, tun Nuwamban 2023 suka ajiye zaman 'yan ba-ruwanmu suka koma ɓangaren soja, su ne suka tsaya a Alfashir aka yi musu ƙawanya sama da shekara. Waɗanda yunwa ta kashe a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da Alfashir 'yan'uwan hafsoshinsa ne na jini. Garin Tine ma rabi Chadi rabi Sudan, kwari ne kawai ya raba. Haka Larabawan da Hamidti ya fito cikinsu suna nan ɓangarorin biyu, suna cikin sojan Chadi su ma. Ya karkata nan barikinsa ya tsage, ya karkata can barikinsa ya tsage.

Tsohon Ɗalibin Khartum: To Baba ai wannan maganar taka ita ce ma take ƙara nuna kuskuren. Tunda gidansa a rabe yake, abin da ya fi masa shi ne ya tsaya tsakiya da gaske, ya hana kowa filin jirginsa. Yanzu me ya samu? A Disamban 2023 ƙasashen biyu suka kori jami'an diflomasiyyar juna, a Nuwamban 2024 Sudan ta kai ƙarar Chadi gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, sannan a Maris ɗin 2025 Janar Yasir Al-Atta ya fito fili ya ce filayen jirgin Njamena da Amjaras halal ne sojan Sudan su kai musu hari, Chadi ta ce ana iya ɗaukar wannan a matsayin shelar yaƙi. Kuma ga shi ya sallami sojan Faransa, waɗanda suka gama ficewa ƙarshen Janairun 2025, alhali su ne a baya suke taimaka wa mahaifinsa in 'yan tawaye sun taso. Ya ƙara maƙiyi ya rage mai tsaron baya.

Direban Kamiyo: Malam tsayawa tsakiya a baki da sauƙi. Iyakar nan ta fi kilomita dubu, yawancinta daji ne da hamada, ba shinge ba komai. Ranar da yaƙin ya fara Chadi ta ce ta rufe iyaka, ya hana wani wucewa? Mai jaki ya wuce, mai raƙumi ya wuce, mai Land Cruiser ma ya wuce. Kuma ku sani gabashin Chadi daga Sudan take cin abinci da can, sukari, mai, sabulu, kayan masarufi duk ta nan suke shigowa, da yaƙi ya tashi sai abin ya juye, komai ya yi tsada a Abeche, itacen girki da ruwa ma sai an yi rigima a kansu tsakanin 'yan gari da baƙi.

Maman Yara: Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu nake karantawa raina na tafasa. Ku kuna lissafin shugabanni ni kuwa dangina nake tunani. Kakannin mahaifiyata suna cikin waɗanda suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, har yau muna da 'yan'uwa a Mai Wurno kusa da Sinnar, Hausa suke yi tangaran. Da RSF suka shiga Wad Madani a Disamban 2023, sannan suka gangaro Sinja tsakiyar 2024, mun yi makonni ba mu ji muryar kowa ba, waya ba ta shiga, ƙanwar mahaifiyata tana can da ciwon suga ba mu san ko tana samun allura ba. Duk bindigar da ta shiga Sudan ta kowace ƙofa, a kan irin waɗannan take ƙarewa. Don haka ni ba Chadi kaɗai nake tuhuma ba, duk maƙwabtan nake tuhuma. Masar tana bayan soja kowa ya sani. Ta kudancin Libiya wajen Haftar, janar ɗin da ke riƙe da gabashin ƙasar, ma ana zargin ana shigar wa RSF da kaya. Kenya ta bar su suka yi taron kafa gwamnatinsu a Nairobi a Fabrairun 2025 har Sudan ta hana shigo da kayan Kenya. Wanne ne hannunsa a wanke?

Ɗan Fagge: Allah ya sada ku da alheri Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Gaskiya kika faɗa, amma yawan masu laifi ba ya wanke ɗaya daga cikinsu.

Tsohon Ɗalibin Khartum: Amin. Hajiya kin tuna min da fitowarmu, ƙarshen Afrilun 2023 aka kwashe mu a motocin bas daga Khartum muka nufi iyakar Masar, muka yi kwanaki a bakin iyaka cikin rana ana jiran izini, wata ɗaliba a motarmu ta suma sai da muka jiƙa ɗankwalinta da sauran ruwan da ya rage muka ɗora mata a goshi. A ranar na ji haushin Masar ƙwarai, daga baya da na ga yawan 'yan Sudan ɗin da suka kwarara can na gane su ma tsoron abin da zai biyo baya suke yi. Amma wadda ta fi ba ni tausayi Sudan ta Kudu ce. Kusan duk kuɗin gwamnatinta daga mai yake, kuma bututun man ta cikin Sudan ya bi zuwa Port Sudan, da ya lalace a farkon 2024 a yankin da ake faɗa sai ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi. Dole ta lallaɓa Burhan don tashar jirgin ruwa tana hannunsa, dole ta lallaɓa Hamidti don bututun yana ratsa inda mutanensa suke.

Ɗan Borno: Ni abin da ke damuna ya fi kusa da gida. Sojan Chadi su ne ƙashin bayan yaƙi da Boko Haram a tafkin Chadi, mu mutanen Gamboru da Dikwa ba mu manta yadda suka kore su daga garuruwanmu a 2015 ba. A Oktoban 2024 aka kashe musu soja kusan 40 a Barkaram a yankin tafkin har Mahamat Deby ya yi barazanar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi, Nijar kuma ta fice a 2025. In gabas ta kama da wuta dole ya kwashe soja daga tafki ya kai can, mu za a bari da su. Shi ya sa ni ko me ya yi don kada yaƙin nan ya tsallako Adre, ba zan yi saurin zaginsa ba.

Ɗan Fagge: To Yaya ai ka ga inda muka rabu. Kai kana ganin abin da ya yi shi ya hana wutar tsallakowa, ni ina ganin shi ne yake jawo ta. Makaman da suka wuce gabas ba su da alƙawari da kowa, gobe suna iya juyowa yamma, kamar yadda na Libiya suka watsu bayan 2011 muka ga sakamakonsu a Mali da Nijar da Zamfara. Kuma Bazagen sojan da aka kashe masa dangi a Alfashir yana nan cikin bariki a Njamena da bindiga a hannu.

Baba Malam: Wannan ta ƙarshen ita ce take hana ni barci, ban da amsarta ɗana.

Maman Yara: Alhaji direba, don Allah in za ka sake yin gabas ka sanar da ni ta akwatin sirri. Akwai ɗan yayata da aka ce an gan shi ya bi ta Darfur yana neman fita, wata huɗu ke nan ba labari, ina so in ba ka hotonsa ko za a dace a Adre.

Direban Kamiyo: Turo Hajiya. Bayan sati biyu ina da lodi zuwa Abeche in Allah ya yarda, daga can akwai yaran mota da na sani masu shiga Adre kullum, zan ba su su nuna a tasha da wajen rajistar 'yan gudun hijira. Ki haɗo da cikakken sunansa da na mahaifinsa, da Larabci in zai yiwu, don haka suke rubutawa a can.