Horrorcore da Hausa: ni dai na tsaya a kan "gambarar firgici"

1/ Jama'a, ga wata kalma da nake so mu raɗa wa suna: horrorcore. Wani reshe ne na waƙar gambarar Amurka wanda zancensa bai wuce kisa, hauka, gawa, kabari da mugun mafarki ba. Ita rap ɗin mun gama da ita tuni, gambara muke cewa, har gidajen rediyo sun karɓa, kuma sunan ya zauna daram domin 'yan gambararmu na kasuwa ma da zafin baki da zambo aka san su. Saura wannan reshen. Shawarata ita ce gambarar firgici. Dalilina kuwa yana jikin wani mutum ɗaya da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

2/ Sunansa Esham Smith. An haife shi a 1973 a jihar New York, amma a Detroit ya girma. A 1989, bai cika shekara 17 ba, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko, Boomin' Words from Hell. Babu wani babban kamfani a bayansa. Shi da yayansa suka kafa nasu, Reel Life Productions, suna buga kaset suna kaiwa shaguna da kansu. A lokacin idon duniyar gambara yana kan New York da Los Angeles. Detroit ba ta cikin lissafi.

3/ Sai an san Detroit ta wancan lokacin kafin a gane abin da yaron yake faɗa. Garin ƙera motoci ne. A ƙidayar 1950 mutanensa sun haura miliyan 1.8, zuwa 1990 sun dawo miliyan 1 da 'yan kai. Masana'antu sun rufe ko sun ƙaura, masu hali sun koma bayan gari, aka bar unguwanni cike da kangaye. Ga hodar iblis ɗin nan da ake dafawa ta dunƙule ana zuƙa, wadda ta ci samari a shekarun 1980. Sannan ga wata mummunar al'ada ta daren 30 ga Oktoba, wanda suke kira daren shaiɗan, inda a lokacin ake bin gidajen da babu kowa ana cinna musu wuta. A 1984 kaɗai an ƙirga gobara fiye da 800 cikin kwana 3. Ka ɗauki yaro ɗan shekara 11 tsaye a bakin taga, layinsu ya yi ja, jiniyar 'yan kwana-kwana ba ta yankewa, gidan da ke kallon nasu yana ci, da safe kuma ya ratsa ta gaban toka ya tafi makaranta. Haka yaran unguwannin nan suka tashi. Esham da bakinsa ya bayyana cewa jahannamar da ke cikin sunan kundin, titunan Detroit yake nufi.

4/ Wannan shi ne ma'aunina. Duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta iya ɗaukar tsoron da mutum ya gani da idonsa, ba na tatsuniya kaɗai ba.

5/ Mu fara da aro. Wasu za su ce a bar ta yadda take, a Hausantar da ita kawai, a ce horoko ko horokowa. Ba na ƙin aro, da shi muka samu mota da kwamfuta. Amma a nan kunnen Bahaushe zai ji "horo" ne, wato tarbiyya ko hukunci, sai ya zaci waƙar gyaran hali ake nufi. Kalmar aro da ta faɗo kan wata kalmar gida mai ma'ana daban, wahala take jawowa.

6/ Malam, na ga taka: gambarar dodo. Tana da daɗin faɗa, kuma yaro ma zai riƙe ta. Matsalarta ita ce dodo na tatsuniya ne. Ana ba da labarinsa da daddare, a ƙarshe a ce ƙurunƙus, kowa ya je ya kwanta lafiya. Mai sauraro ya san babu dodo a layinsu. Idan muka sa wa waƙar Esham wannan suna mun mayar da ita wasan yara, mun cire mata Detroit. Haka nan gambarar fatalwa, da gambarar maƙabarta da wani ɗan'uwa ya kawo. Ta maƙabartar ta yi wa wasu 'yan New York daidai, zan zo kansu, amma ta yi wa reshen gaba ɗaya kaɗan.

7/ Akwai wadda na fi jin tsoron ta bi gari: waƙar shaiɗanu, ko gambarar matsafa. Na san inda ta samo asali. Esham yana da ƙungiya mai suna Natas, wanda idan ka karanta daga baya sunan Shaiɗan ne da Turanci, kuma waƙoƙinsa na farko cike suke da irin waɗannan alamu. A can ma an zarge shi da bautar Shaiɗan, har ta kai bayan kundin Closed Casket na 1994 ya rage wannan zancen. Ni ba zan kunna wa ƙannena waɗannan waƙoƙi ba, kuma akwai baitocin da ni kaina ba na iya kaiwa ƙarshensu. Amma suna daban, hukunci daban. Idan kalma ta riga ta yanke wa abu hukunci, ba za ka iya amfani da ita ka yi bayani ko nazari ba, sai dai zagi. Ɗalibin da zai rubuta tarihin gambara da Hausa yana buƙatar kalmar da za ta faɗi mene ne abin, sannan ya faɗi ra'ayinsa a jimla ta gaba.

8/ Yaya, taki ce ta fi tsaya mini a rai: gambarar dannau. Duk wanda dannau ya taɓa dannewa ya san abin. Idonka biyu, kana ganin ƙofa, kana jin motsin mutanen gida, amma ƙirjinka kamar an ɗora dutse, ka buɗe baki murya ta ƙi fita. Waƙoƙin nan da yawa haka suke, mutum ne a kulle cikin kansa yana jin ana binsa. Ko ƙungiyar gambara ta Geto Boys daga Houston, waƙarsu da ta fi shahara a 1991 a kan wannan halin take, mutumin da zuciyarsa ke nuna masa abin da babu. Sai dai dannau yanayi ɗaya ne cikin yanayoyi da yawa. Ina ganin mu ajiye ta, za ta yi amfani idan ana maganar irin waƙoƙin da ke cikin ƙwaƙwalwar mai taɓin hankali.

9/ To me ya sa firgici, ba tsoro ba? Gambarar ban tsoro ba kuskure ba ce, tunda fim ɗin ban tsoro muke cewa. Amma tsoro ya yi faɗi. Ana tsoron Allah, ana tsoron talauci, ana tsoron jarrabawa. Firgici kuwa a jiki yake, shi ne wanda ke sa ka zabura, gabanka ya faɗi, bacci ya gagara. Kuma ku lura da inda muke amfani da shi: mutanen garin da aka kai wa hari "suna cikin firgici", yaron da ya ga hatsari "ya firgita". Kalma ce da ta saba zama kusa da abin da ya faru da gaske, kuma ba ta ƙin mafarki. Ta ɗauki ɓangarorin biyu ke nan. Ga sauƙin sarrafawa: ɗan gambarar firgici, 'yan gambarar firgici, salon firgici. Guntun "core" da ke wutsiyar kalmar daga hardcore aka yanko shi, ma'ana tsantsa ko zalla. Ba sai mun ja shi ba, firgici ya riga ya yi nauyin da ake so.

10/ Yanzu ga abin da ya sa nake ta nanata sunan Esham. Ita kanta kalmar horrorcore ba ta yi tashe ba sai 1994, shekara 5 bayan kundinsa na farko, kuma a New York ta yi tashen. A shekarar ne Gravediggaz, wato masu haƙa kabari, ƙungiyar da fitattun masu haɗa kiɗa RZA da Prince Paul suke ciki, suka fitar da 6 Feet Deep, Flatlinerz kuma suka fito a ƙarƙashin Def Jam, kamfani mai kuɗi da 'yan jarida. Waɗanda sunan ya yi tashe a kansu, su aka fi jingina wa salon. Shi Esham acid rap yake kiran nasa, kuma yana gauraya gambara da kiɗan rok mai jita. Kafin 1994 ɗin ya riga ya fitar da Judgement Day a 1992, kundi mai juzu'i biyu, abin da ba a saba gani a gambara ba a lokacin.

11/ Tasirinsa kuwa a fili yake ga mai son gani. Insane Clown Posse, 'yan Detroit masu fentin fuska waɗanda suka tara mabiya da ake kira Juggalos, da shi suka yi aiki a kundinsu na farko a 1992, kuma ba su taɓa ɓoye cewa a wurinsa suka ga hanya ba. Daga baya ya zauna a kamfaninsu, Psychopathic, daga 2002 zuwa 2005. Eminem, fitaccen ɗan gambarar Detroit, ya ambaci sunansa a kundinsa na 1999 cikin waɗanda ya ce daga gare su aka haɗa shi, ko da yake daga baya sun ɓata. Eminem ya ɗauki kyautar Oscar a 2003. Three 6 Mafia na Memphis, waɗanda su ma da waƙoƙin duhu suka fara, sun ɗauki tasu a 2006. Wanda ya riga su shiga wannan dajin har yau sai mai bincike ne yake saninsa a wajen Amurka. Wannan abu yana damuna, domin kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Idan za mu shigo da salon cikin Hausa da sabon suna, ina so sunan mutumin ya shigo tare da shi tun ranar farko.

12/ Saura kalma ta biyu, wadda ban gama da ita ba: underground, wadda ake kiran mawaƙi irin Esham da ita. Don Allah kada mu ce mawaƙin ƙarƙashin ƙasa. A Hausa abin da ake yi ta ƙarƙashin ƙasa makirci ne ko ɓoyayyen shiri, shi kuwa Esham a sarari yake sayar da kaset ɗinsa. "Mai cin gashin kansa" ta faɗi rabin maganar, wato ba shi da uban gida a manyan kamfanoni, amma ba ta faɗi cewa rediyo da talabijin ba sa saka shi ba. Ina karkata ga ɗan lungu, gambarar lungu, waƙar da ke yawo hannu da hannu ba ta hau babban titi ba. Jimlar za ta zama: Esham ɗan gambarar firgici ne na lungu daga Detroit. Mutanen Damagaram da Maraɗi, da 'yan zango na Kumasi, ku faɗa mini ko "ɗan lungu" tana da wata ma'ana mara kyau a wajenku kafin mu tsayar da ita.