Daga sayar wa ɗalibi ɗaya-ɗaya zuwa sayar wa makaranta da kamfani: a ina ake tuntuɓe?

Mai buɗe zance, Lugbe

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu manhajar koyarwa da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, musamman na Abuja da Jos. Kowa ya san yadda kasuwar ɗalibai take: daga Janairu zuwa jarabawar JAMB ana ta sauke manhaja, ana fitowa daga jarabawa sai ka ji tsit. Masu biya 'yan kaɗan ne, injin da ke amsa tambayoyi kuma da dala ake biyansa. Waɗanda suka riga suka juya zuwa makarantu ko kamfanoni, don Allah a ba mu haske: me ake canjawa a manhajar, yaya ake yanka farashi, kuma a ina kuɗi ke maƙalewa?

Injiniya, Wuse 2

Wa alaikumus salam. Fara da lissafi. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke karɓar naira yana biyan dala ya ji a jikinsa. Sannan tun Afrilun 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp kyauta, ga ChatGPT ma kyauta. Yaron da ke samun amsa ba ko sisi, da wace hujja za ka ce ya ba ka dubu biyu duk wata? Ga kuma kuɗin data da ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: a kasuwar ɗalibai, wanda ya fi son manhajarka shi ya fi cinye maka riba. Kuɗin da yake biya a wata daidai yake da na kowa, amma tambayoyinsa sun ninka na wasu. In kuma da Hausa yake rubutu, jimla ɗaya tana cin tokin, wato guntayen kalmomin da ake lissafa kuɗin inji da su, fiye da takwararta ta Turanci, don injinan sun fi daddatsa kalmominmu, balle masu ƙ da ɗ da ɓ. Cire kuɗi kai tsaye daga kati duk wata ma ba ya tafiya daidai, mutanenmu da transfa suka saba, kuma asusun da katin yake sau da yawa babu komai a ciki ranar cirewa.

Kafin ka je wurin kowane kamfani, ka fitar da abu ɗaya: nawa mutum ɗaya yake ci maka a wata, da dala. Ka ɗauki na mai yawan amfani, ba na tsaka-tsaki ba. Sai ka sa iyakar tambayoyi a rana, ka tura tambayoyi masu sauƙi zuwa ƙaramin inji mai araha, ka adana amsoshin da ake yawan maimaitawa don kada ka biya sau ɗari a kan tambaya ɗaya.

Malama, Gwarinpa

Injiniya ya gama da injin, bari in taɓa makarantu masu zaman kansu, don nan yawancinku kuke fara zuwa.

A makaranta mutum uku ne, kuma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Mai makaranta yana son abin da zai nuna wa iyaye a taron PTA. Malami yana son a rage masa wahalar shirya darasi da makin takardu. Ɗalibi shi ke amfani, amma ba shi da ta cewa. Manhajar da aka gina don ɗalibi kaɗai ba ta da abin nuna wa biyun farko, shi ya sa ake yi muku "za mu neme ku". Abin da ya wajaba a ƙara: shafin malami inda zai ga wa ya yi aikin gida, wa ya kasa a wane babi, rahoton ƙarshen zango da za a iya bugawa a takarda, da hanyar zuba sunayen ɗalibai gaba ɗaya daga Excel. Kar ku ce kowane yaro ya yi rajista da imel. Yaran JSS ba su da shi, kuma makarantu da dama sun hana waya. Lambar shiga ta makaranta da ɗan gajeren lambar sirri sun wadatar.

Lokaci ma magana ce. Kuɗi yana hannun makaranta a makonnin farko na zango, wato Satumba, Janairu da wajen ƙarshen Afrilu. Idan kana son kuɗinka ya shiga takardar kuɗin makaranta ta Satumba, a gama magana tun Yuni ko Yuli, kafin a buga takardar. Ka zo a Oktoba, sai dai ka jira. Farashi kuwa a kan kowane ɗalibi a kowane zango, ba wata-wata ba, don haka suke lissafinsu.

Gwaji na kyauta kuma, ƙanena, ka yi hattara. Aji ɗaya, darasi ɗaya, mako shida, da takarda a rubuce cewa in an ga kaza za a sa hannu a kaza. Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa ya zama sadaka.

Mai buɗe zance, Lugbe

Na gode Malama. To idan malaman suka ƙi amfani da ita fa? Ana cewa wasu suna ganin za ta karɓe musu aiki.

Malama, Gwarinpa

Tsoron yana nan, amma abin da ya fi kashe manhaja shi ne ta ƙara wa malami aiki. In sai ya shigar da maki sau biyu, a rajista da a manhaja, ya bar ta ke nan. Ka nemi malami ɗaya mai sha'awa a kowace makaranta, ka horar da shi sosai, ka riƙa sa masa data. Shi zai riƙe maka sauran.

Akawu, Garki

Ni takardu zan yi magana a kai, don a nan ake shan mamaki. Ɗalibi yana biya kafin ya shiga. Kamfani sai ya yi amfani, ka kai inbois, wato takardar neman biya, a kai ta sashen sayayya, a kai ta odita, sannan a biya bayan kwana 30 ko 60, wani lokacin 90. Duk tsawon wannan lokacin kai kana biyan dala kowane wata. Kwangila babba tana iya durƙusar da ƙaramin kamfani saboda wannan kaɗai. Ka nemi wani kaso tun farko, ko kuɗin kafawa daban. Kuma kada ka fara aiki da alkawarin baki, sai takardar odar saye (LPO) ko takardar ba da aiki ta shigo hannu.

Abin da za a tambaye ka: rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), lambar haraji, takardar shaidar biyan haraji, da asusun banki da sunan kamfani. In ma'aikatar tarayya ce, a ƙara takardun hukumar fansho (PenCom), asusun horar da ma'aikata (ITF) da asusun inshorar ma'aikata (NSITF), da rajista a kundin 'yan kwangila na hukumar kula da sayayyar gwamnati (BPP). Waɗannan takardu shekara-shekara ake sabunta su, kuma ba a samunsu a kwana biyu, don haka kar ka jira sai an buga talla.

A inbois ka ware harajin VAT na kashi 7.5 a layinsa idan ya hau kanka. Za su kuma cire haraji tun daga tushe kafin su biya ka. Wannan kuɗin bai ɓata ba, amma sai ka bi su sun ba ka shaidar sun kai shi hukuma, sannan za a rage maka a harajinka. Mutane da yawa ba sa bi.

Shawarata, gwamnati kar ta zama kwastomarka ta farko. Sa hannu ba ya nufin an saki kuɗi.

Ka kuma sa sharaɗi a yarjejeniya cewa in dala ta wuce kaza, za a sake zama kan farashi.

Mai horar da ma'aikata, Rayfield, Jos

Akawu ya ambaci ITF a matsayin takarda, amma ƙofa ce ta ciniki ma. Hedikwatarta a nan Jos take. Kamfanonin da dokar ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu na shekara, kuma suna iya neman a maido musu har rabin abin da suka biya idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'ida, tare da neman amincewa kafin a fara horon. Ma'ana shugaban sashen ma'aikata yana bukatar shaida: sunayen mahalarta, sa'o'in da kowa ya yi, sakamakon gwaji, satifiket. Manhajar da ke fitar da waɗannan da danna ɗaya ta fi mai daɗin hira daraja a wurinsa.

Sannan kamfani ba ilimin duniya yake saye ba. Bankin 'yan kasuwa ƙanana yana son sababbin ma'aikatansa su san ƙa'idar ba da bashi ta gidan, ba ta littafi ba. Dole injin ya riƙa ɗauko amsa daga takardunsu, ya nuna shafin da ya samo, in babu kuma ya ce babu. Inda ake faɗuwa: takardun da za su ba ka rabinsu hoto ne aka ɗauka a karkace, wasu tsohon bugu ne da aka soke. Injin zai karanto tsohuwar ƙa'ida da cikakken ƙarfin hali. Gyaran takardu yakan fi haɗa manhajar cin lokaci, ka sa masa kuɗinsa daban. Kafin a buɗe wa ma'aikata, ka sa wani nasu ya rubuta tambayoyi 50 zuwa 100 da amsoshinsu na gaskiya, ku gwada tare, kuma a maimaita duk lokacin da aka canja inji.

Yaya Babba, Kubwa

Ku yi haƙuri, ni ban yarda a watsar da ɗalibai gaba ɗaya ba. Ɓangaren kyauta mai iyaka shi ke kawo maka malamin da zai kai ka wurin mai makaranta. A rage masa tsada dai, kar a rufe.

Haɗarin da ba a faɗa ba shi ne kwastoma babba ɗaya. Yau ya ce a sa masa kaza, gobe a canja kaza, kafin shekara ka zama ɗan kwangilarsa, manhajar ba ta dace da kowa ba sai shi. Masu dogaro da ƙungiyoyin agaji a Abuja sun ga haka a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin hukumar agajinta ta USAID. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da kwastoma ɗaya ya nema, ya biya shi daban, abin da uku suka nema, ya shiga manhajar kowa.

Lauya, Maitama

Ƙari kaɗan. Dokar kare bayanai ta 2023 tana aiki, hukumar NDPC ke kula da ita. Bayanan yaro ɗan ƙasa da 18 sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, don haka takardar yarda ta bi ta hannun makaranta. A rubuta a yarjejeniya cewa makaranta ko kamfani ne mai bayanan, kai mai sarrafawa ne a madadinsu. In bayanai suka fita, mai bayanan yana da awa 72 ya sanar da hukuma idan akwai haɗari ga mutane, kai kuma ka sanar da shi ba tare da jinkiri ba. Banki zai tambaye ka a wace ƙasa bayanan suke sauka, da ko ana horar da inji da su. Ka tanadi amsar a rubuce, kuma ka cire sunaye da lambobin waya kafin tura tambaya zuwa injin waje.

Mai buɗe zance, Lugbe

Allah ya saka da alheri. Akawu, kason farko da ka ce a nema, nawa ne ba zai kori kwastoma ba?

Akawu, Garki

Ka lissafa kuɗin inji da albashin wata uku na aikin, shi ne mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Makaranta kuwa ka nemi na zango gaba ɗaya a mako na uku da komawa, kafin a biya albashi da dizal.