Farcena ya yi gargada, ko akwai wanda ya taɓa ganin irin haka?

Maman Biyu, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina cire lalle na lura duk faratan hannuna sun yi wani kwari a gicciye, kamar an ɗaure su da zare an ja. Ba ya ciwo, amma in na shafa sai in ji yatsa ya faɗa ciki. Abin da ya ɗaure min kai, wuri ɗaya ya fito a kowane farce, wajen tsakiya. Uwar mijina ta ce jinina ne ya yi ƙasa, maƙwabciyata kuma ta ce omo ne. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa min yadda nasa ya ƙare.

Hajiyar Bolari:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni nawa a tsaye suke, daga gindin farce zuwa baki, sirara-sirara kamar bayan ganyen masara. Tun da na haura hamsin suka fara fitowa, yanzu kam sun zauna. Na taɓa nuna wa likita ranar da na je awon hawan jini, ya yi dariya ya ce Hajiya wannan furfurar farce ce. Da hunturu suka fi fitowa, har bakin farcen ya riƙa tsagewa yana kama min mayafi. Man kaɗanya nake murzawa bayan sallar isha'i, farcen da fatar da ke kewaye da shi. Layin bai tafi ba, amma tsagewar ta daina. Naki na gicciye kuwa ban san kansa ba.

Nas ɗin Kumo:
Maman Biyu, kafin in ce komai, kin yi wani ciwo mai ƙarfi wata biyu ko uku da suka wuce?

Maman Biyu, Pantami:
Ikon Allah! Na yi kuwa. Bayan haihuwa da sati biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana shida na yi a gadon asibiti ana ƙara min ruwa. Yanzu jaririn na cikin wata na huɗu.

Nas ɗin Kumo:
To ga amsarki nan. Farce daga ƙarƙashin fatar gindinsa yake tsirowa. Idan jiki ya shiga wahala sosai, irin zazzaɓi mai zafi, taifot, ƙyanda, tiyata ko maganin ciwon daji, sai tsiron ya ɗan dakata ko ya ragu. Da an warke ya ci gaba, wurin da ya dakata ɗin ne yake zama kwari. Shi ya sa ya fito daidai wuri ɗaya a duk yatsun, lokaci guda abin ya same su. Likitoci suna ce masa layin Beau, sunan wani likitan Faransa ne da ya bayyana shi a 1846.

Farcen hannu yana tsawon kusan milimita 3 a wata, don haka ba a ganin kwarin sai bayan makonni, lokacin an ma manta da ciwon. Ke da kike sa lalle kin fi kowa sanin wannan tafiyar. Kin san yadda jan lallen sallah yake matsawa gaba, fari na biyo shi daga gindi, har ranar da za ki yanke na ƙarshe? Haka kwarin zai tafi. Farcen hannu yana sabuntuwa gaba ɗaya cikin wata shida ko kusa da haka, na ƙafa kan kai shekara ko shekara da rabi. Ba maganin da ake shafawa ya cike shi. Abin dubawa shi ne bayansa, idan sabon da ke fitowa sumul yake, shi ke nan. Idan kuwa kwari na bin kwari ba ki yi wani ciwo ba, a auna suga.

Amma kada ki yar da maganar uwar mijinki. Mai jego ce ke, ki je a duba PCV ɗinki, wato awon yawan jini.

Telan Jekadafari:
Ni nawa abin kunya ne ma. Babban yatsana na dama kawai, tsakiyarsa ya yi ƙananan layuka a jere tun daga gindi har baki, sak hanyar da ruwa ya ci. Na sha maganin ƙarin jini kwalba biyu daga kemis, na shafa tafarnuwa, ba abin da ya canza. Ƙanwata ce ta kama ni. Muna zaune ana rigimar ɗinkin sallah, ta ce Yaya dubi hannunka. Ashe duk lokacin da mai kaya ya tsaya min a ka, da farcen manuniya nake tura fatar gindin babban yatsan ina ƙwaƙula, ban sani ba. Shekaru ina yi. Filasta na riƙa naɗawa a wurin kullum in zan hau keke. Wata huɗu sabon farce ya fito lafiya lau. Da sallah ta sake matsowa na koma ruwa, ga shi nan ya dawo rabi.

Ummu Khalil, Tudun Wada:
Maganar omo ma gaskiya ce, kada a raina ta. Ina sayar da abinci, hannuna kusan wuni yake cikin ruwan wanke-wanke. Fatar gindin farcena ta kumbura ta yi ja, ta rabu da farcen, in na matsa har ɗan ruwa ke fita. Farcen da ke fitowa kuwa duk tudu da kwari, ya yi duhu-duhu. An rubuta min man shafawa a asibiti, amma likitar ta ce in dai hannun bai huta da ruwa ba asarar kuɗi zan yi. Na sayi safar hannu ta roba, yaran shago suna ta min dariya wai na zama baturiya. Sai da na haɗa da ɗaukar yarinya mai wanke-wanke kafin na ga sauƙi, kuma ya ɗau watanni.

Ɗan Dukku:
Maza ma mu yi hattara da masu yawo da almakashi suna yankan farce. Ba yankan ba ne matsalar, wannan kankare fatar gindin da suke yi ne wai don ya yi kyau. Bayan wani ya yi min haka har jini ya fito, yatsan ya kumbura, daga baya farcen ya fito da rami guda. Ɗaya ne tak, sauran lafiya.

Nas ɗin Kumo:
Wannan fatar ita ce murfin da ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga wurin tsiron, ba datti ba ce. Kuma almakashin da ya taɓa jinin wani zai iya ɗauko ciwon hanta nau'in B. In dole sai an yanke maka, ka ba shi naka.

Malama A., Bajoga:
Bari in ba da nawa saboda masu cewa farce ba ya nuna ƙarancin jini. Nawa sun yi laushi, ga layuka a tsaye, suna karyewa da kansu, har biyu suka lotsa a tsakiya bakinsu ya ɗaga kamar cokali, in na ɗiga ruwa sai ya tsaya a ciki. Ina ta fama da kasala, in na hau matakalar makaranta sai haki, ga wani kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa da nake ɓoyewa. Da aka auna aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, kuma al'adata mai yawa ce sila. An ba ni ƙwayar ƙarin jini na sha wata da watanni, an ba ni maganin tsutsar ciki, aka ce in dage da hanta, nama, wake da zogale. Abin da ban taɓa sani ba shi ne shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini in an sha shi tare da abinci, ni kuwa ba na cin komai sai da kofi a gefe. Ƙwayar tana sa bayan gida ya yi baƙi, kada wata ta tsorata ta daina. Kasalar ce ta fara tafiya, farcen shi ne na ƙarshe.

Amarya 2:
Ni dai gogewa nake yi da abin goge farce ya yi sumul, in ba na salla in manna na roba. Wa ke da lokacin jiran wata shida?

Hajiyar Bolari:
Amarya, jikata ta yi wannan gugar har farcen ya zama kamar ɓawon albasa, ruwan zafi ma ba ta iya taɓawa. Tudun kike cinyewa, ba ramin kike cikewa ba.

Nas ɗin Kumo:
Abu ɗaya da ba a jira da shi: baƙin layi a tsaye. Mu baƙaƙen fata da yawanmu muna da shi a yatsu da dama kuma ba komai ba ne. Amma in sabo ne a farce ɗaya, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya haura kan fata, a kai wa likitan fata ya gani da wuri.

Maman Biyu, Pantami:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fita tsakar gida na duba a rana, bayan kwarin sumul yake har gindi. Ranar Talata zan kai yaro rigakafi, sai in roƙa a duba min jinin gaba ɗaya. Na faɗa wa uwar mijina an ce maganarta na kan hanya, tun ɗazu ta aika a sayo zogale.